Kaba da Goruba a Hanyar Damagaram

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina koyar da ilimin halittu a wata makarantar sakandare a Kano, kuma kowace shekara akwai darasi ɗaya da yake tsaya mini a maƙogwaro, wato darasin siffofin tsirrai. Littafin da muke aiki da shi ya kasa tsirrai gida-gida da sunayen Turanci, yara su haddace, su zuba a takardar jarrabawa, su ci maki. Amma ka fitar da su bayan aji ka nuna musu sabara ka ce, "To, wannan a wane gida take?" sai kowa ya sunkuyar da kai. Ba laifinsu ba ne. Kalmar da suka haddace ba ta taɓa haɗuwa da abin da idonsu yake gani ba. Na daɗe ina son in rubuta darasin nan da Hausa, sai dai duk sanda na ɗauki biro, da na rubuta "bishiya" da "ciyawa" da "mai yaɗo" sai in ji kalmomina sun ƙare.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa gwaggona da ke aure a Damagaram tana cigiyata, ta ce rabonta da ni tun bikin ƙanwata. Ƙarshen watan Oktoba ne, kaka ta kama, an ba mu hutun tsakiyar zango. Na sayi turmin atamfa da sabulu, na jefa ɗan littafin rubutu a aljihu, na ce wannan karon ba zan yi barci a mota ba. Tsakanin Kano da Damagaram tafiyar yini guda ce, amma ruwan saman da Damagaram take samu a shekara, wajen milimita 400, bai fi rabin na Kano ba. Duk wanda ya buɗe ido a wannan hanya zai ga yadda itatuwa suke sauya tsayuwa gwargwadon ruwan da suke samu.

Mun tashi daga tashar Ƙofar Ruwa da hantsi, muka wuce Dawanau muka ɗauki hanyar Dambatta. An yanke gero, dawa tana tsaye da kanta ja, wake ya shimfiɗu a tsakanin kunyoyi. A nan na fara da abin da na sani. Rabon da ke littafin yarana tsoho ne ƙwarai. Wani Bagirke mai suna Tiyofarastus, almajirin Aristotal, shi ya yi shi kimanin shekara 2,300 da suka wuce. Ya ce akwai bishiya mai gangar jiki ɗaya, akwai mai itace da ke fitar da rassa da yawa tun daga ƙasa, akwai ƙanana da ba su kai waɗannan ba, sannan akwai masu laushi marasa itace. To amma ko a cikin bishiyoyin kansu ba tsayuwa ɗaya suke yi ba. Dubi turaren da ake dasawa a bakin hanya: gangar jikinsa tana tafiya ɗoɗar har ƙoli, rassa suna fita ta gefe kamar ba su dame shi ba. Sai ka dubi ɗorawa ko tsamiya. Gangar jikinsu ba ta yin nisa sai ta rabu manyan rassa, rassan su sake rabuwa, har ka rasa wanne ne uwar. Masana suna da suna ga kowanne. Ni a littafina na rubuta wa na farko "mai miƙa wuya", na biyu "mai watsa rassa". Daga wannan bambanci inuwa take fitowa. Shi ya sa majalisar gari a gindin tsamiya ko cediya take zama, ba ka taɓa ganin dattawa sun shimfiɗa buzu a gindin turare.

Kuka kuwa ta sa ni dogon tunani. Kowa ya san ta da ƙaton ciki, kuma cikin nan rumbun ruwa ne, domin itacenta sakwaf yake kamar soso, shi ya sa ba a yin turmi ko azara da shi. Abin da ban taɓa lura da shi ba sai a ranar shi ne, kukokin da ke bakin gari ba siffarsu ɗaya da na daji ba. Na bakin gari rassansu guntaye ne masu dunƙulallen kai, ga ƙananan tsirga sun fito a kansu tsitsitsi. Shekara da shekaru ana hawa ana sassabe su domin miya. Siffar da nake gani a kukar gari rabinta halitta ce, rabinta aikin lauje ne. Na rubuta wannan na ja layi a ƙarƙashinsa, ban san cewa shi zai bi ni har ƙarshen tafiyar ba.

Kafin duwatsun Kazaure mun ratsa wata fadama mai giginyu. Giginya ba ta reshe ko ɗaya. Idonta na toho guda ɗaya ne tak, a can ƙoli, in aka sare shi ta mutu. Ba ta kuma ƙara kauri shekara-shekara kamar maɗaci. Tun tana muruci take tara faɗin gindinta a ƙasa, sai ta gama sannan ta miƙe. Idan ta manyanta sai ta yi wani kumburi a sama da tsakiyarta. Ganyen duk yana can sama, shi ya sa aka ce inuwar giginya na nesa ka sha. Karin maganar da na sani tun ina yaro ashe bayanin siffa ne, kuma daidai yake.

A Daura wata tsohuwa ta shigo motar da ƙunshin tabarmi biyu da ba ta sayar ba, aka matsa mata kusa da ni. Daga nan zuwa Mai'aduwa ƙasa ta fara yin fari, rairayi ya yawaita, goruba ta fara bayyana. Na daɗe ina son goruba saboda abin da take yi wanda 'yan'uwanta ba sa yi. Dabino da giginya da kwakwa duk sanda ɗaya suke tashi, ita kuwa sai ta yi tsawo ta rabu biyu daidai wa daida kamar gwafa, kowane ɓangare ya yi tsawo ya sake rabuwa biyu. Ba reshe ne yake fitowa daga gefe ba, idon tohon ne da kansa yake tsagewa gida biyu. A 1970 wasu masana biyu, Francis Hallé na Faransa da Roelof Oldeman na Holan, sun fito da wani tsari na duban bishiya kamar yadda magini yake duban gini, daga baya aka kai tsarin ga fasali 23. Fasalin goruba yana cikin waɗanda ba a cika samu ba a duk duniya, mu kuwa ga shi a bakin hanya jakuna suna kiwo a gindinsa.

Ina ta zane a littafi, tsohuwar tana leƙe. Can ta ce, "Ɗana, makaranta kake yi ne?"

Na ce, "Koyarwa nake yi, Inna. Siffar itatuwa nake rubutawa." Na nuna mata goruba ta taga, sannan na nuna wasu ganyaye masu kama da mafici da suka fito kai tsaye daga rairayi, tsibi-tsibi, ba su wuce gwiwa ba. Na ce waccan na sa ta a layin bishiyoyi, wannan kabar kuma ina neman layin da zan sa ta.

Ta ce, "Layi biyu za ka yi musu? Ai uwa ɗaya ce. Kaba in an bar ta ita ce goruba."

A takarda na san haka, sunansu ɗaya a wajen masana. Amma sanin takarda daban, jin bayani daga bakin wadda ta yi shekara hamsin tana yankar kaba daban. Ta ce tun tana yarinya suke zuwa yanka a wani kwari, kuma kabar da ta tarar tana yarinya har yau kaba ce, ba ta tashi ba, domin duk shekara sai an aske mata kai. Ba ta mutuwa, sai dai ta yi ta bazuwa ta ƙarƙashin ƙasa, gindi ɗaya ya zama goma. Wadda mai gona ya kewaye ya hana a taɓa, ita ce take tashi ta yi gwafa ta ba da 'ya'ya. Ta ce yanzu a wajensu kaba ta yi yawa, manyan goruba suna ƙarewa, tsofaffin suna faɗuwa babu masu maye gurbinsu. Ta faɗi wannan ne cikin damuwa, ita da abincinta yake fitowa daga tabarma da faifai da igiya. Na tuna akwai wani kwari guda a jihar Maraɗi da ake kira Gulbin Kaba. Da kaba aka raɗa masa suna, ba da goruba ba.

Abin da ya kama ni shi ne, Hausa ta ba tsiro ɗaya suna biyu saboda siffarsa biyu. Haka muruci da giginya. Ashe harshen ya daɗe da lura da abin da nake ƙoƙarin koya wa yara, ni ne ban saurara ba.

A Kongolam aka sauke mu domin duba takardu da kaya, muka yi kusan awa biyu. Maimakon in zauna a benci sai na zagaya bayan rumfunan masu shayi inda ƙasa take da ɗan danshi, na tsuguna. A nan na gane kalmar "yaɗo" ta yi wa aikin kaɗan. Ga tsidau ya baje rassansa daga gindi ɗaya kamar tabarma, ko'ina ka ɗaga reshen zai taso, domin bai kama ƙasa ba sai a tsakiya. Ga duman rafi da furensa shuɗi-ja, shi kuwa ka ja shi sai ka ji ya riƙe, kowace gaɓa ta sa saiwa. Haka ma kiri-kiri. Ga gude-gude, karansa ya kwanta kaɗan sannan ya karya gwiwa ya ɗaga kai sama. A littattafan masana kowanne da sunansa na Latin, kuma bambancin ba na ado ba ne. Manomi ya san wadda ya sare gindinta ta mutu, ya san wadda in ya daddatsa ta da fartanya ya ƙara mata yawa ne.

Wani yaro mai tallar rake ya tsaya yana kallona. Na ce masa, "Samari, wannan da wannan mene ne bambancinsu?" Ya taɓa tsidau da ƙafa ya ce wannan kwance yake. Ya ja duman rafi ya ce, "Wannan kuma rarrafe yake yi, Malam, ba ka ga yana dafa ƙasa ba?"

Nan take na ga hanyar. Jikin mutum za mu ara. Mai tsayuwa, kamar rama da tafasa. Mai kwanciya, kamar tsidau da guna. Mai rarrafe, wanda yake dafa ƙasa da saiwa a kowace gaɓa. Shi kuwa gude-gude, da jikinsa yake ƙasa kansa yake sama, ai kishingiɗa ya yi. Babu yaron da zai ji "mai kishingiɗa" ya kasa gane shi a fili. Na sayi rake na naira ɗari biyu, na so in ba shi fiye da haka.

Daga Ɗan Barto zuwa Matamaye sai na ga abin da ban zata ba. Na ɗauka ina ƙara yin arewa itatuwa za su yi ta raguwa, sai ga gonaki cike da gawo, wasu manya wasu matasa, iyakar ganinka. Kuma a daidai lokacin da kuka take zubar da ganye, shi gawo sabon ganye yake fitarwa, kore shar a kan fararen rassa. Da damina tsirara yake tsayawa, gero ya sha rana a ƙarƙashinsa, ganyen da ya zubar ya zama taki. Da rani ya yi inuwa ya zubo wa dabbobi 'ya'ya. Saiwarsa tana nutsawa ƙasa sosai har ta tarar da ruwa, shi ya sa bai damu da na sama ba. Direbanmu ya ce a zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, a ƙarni na 19, wanda ya sare gawo ransa yake sarewa. Wannan labari sananne ne a ƙasar, kowa ka taɓa zai ba ka shi.

Mun shiga Damagaram ta Takeita bayan la'asar, manyan duwatsun nan masu kama da an jera su da hannu suka tarbe mu. Gidan gwaggo yana cikin Birni, ba nisa da fadar Sarki. Gaisuwa da kuka da dariya da tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya sun cinye daren, ban buɗe littafi ba.

Da safe ina shan kunu a tsakar gida na ga dangarta ta kara ta cika da ganye. Duma ya hau rufin ɗakin girki ya ajiye ƙwarya uku, garafuni ya lulluɓe kusurwa, yaɗiya ta bi wani tsohon turke. Na ce, "Gwaggo, waɗannan duk hawa suke yi, ko akwai bambanci?" Ta ce in taso in gani. Ta nuna mini wani siririn zare da ya fito daga gefen ganyen garafuni ya murɗe a jikin kara kamar wayar ƙarfe. Ta ce wannan hannunsa ne, da shi yake kamu, duma ma haka, soso ma haka. Yaɗiya kuwa ba ta da hannu, jikinta gaba ɗaya take nannaɗawa. Sai ta ƙara da wanda ban tambaya ba, ta ce akwai sarƙaƙiya a daji, ita ba kamu ba nannaɗewa, jingina take yi a jikin wasu ta maƙale da ƙaya. Mai kamu, mai nannaɗe, mai jingina. Rabon da masana suka yi ke nan daidai, ga shi daga bakin matar da ba ta taɓa shiga lakwal, wato makarantar boko, ba. A bishiyar makwabta kuma ga kauci ya yi tsibi a kan reshe, shi ko ƙasa bai sani ba, tsuntsu ne yake goge iri mai danƙo a jikin reshe, ya tsiro ya huda ya riƙa shan ruwan mai masaukinsa. Gwaggo ta yi dariya ta ce in na ga kaucin kaba in kawo mata, ai shi ne sha nema.

Kwana biyu da zuwana taubashina ya ɗauke ni a babur zuwa Mirriya, wajen kilomita 20 gabas da birni, garin kukoki da lambuna. A wani tafki na ga bado ya shimfiɗa ganye a kan ruwa alhali gindinsa yana cikin laka, kainuwa kuma tana yawo ba ta kama komai ba, dashen Allah. Amma ba su ne suka tsayar da ni ba. A hanyar dawowa muka ga wani dattijo a gonarsa da 'yar wuƙa mai lanƙwasa, ya durƙusa gaban wani cunkuson kalgo. Muka yi sallama, muka gaisa, na ce, "Baba, sassabe ake yi tun yanzu?"

Ya ce, "Sassabe ne, amma na zamani. Zo ka gani."

Ya buɗa ganyen da hannu. A ƙasa akwai wani tsohon kututture baƙi, kaurinsa ya kai cinyar mutum, tsirga kusan ashirin sun fito daga jikinsa. Ya ce da can duk shekara kafin shuka sai su sare su duka su ƙone, shekara ta zagayo su sake fitowa, a sake sarewa. Yanzu sai ya zaɓi biyu ko uku da suka fi ƙarfi da miƙewa, ya cire sauran, ya share wa waɗanda ya bari ƙananan rassan gindi. Ƙarfin da saiwar take rabawa ashirin sai ya koma kan uku. Ya nuna mini wani kalgo a tsakiyar gonar wanda ya fi ɗaki tsawo, da gangar jiki da inuwa, ya ce shekarun baya shi ma haka yake kamar wannan. Gawon da ke gonar ma, in ji shi, yana ƙarami baje ƙaya yake yi a ƙasa kamar ba zai taɓa tashi ba, sai an ɗage masa rassa an tsare shi daga awaki sannan ya kama hanyar sama. Ya ce, "Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, tun yana ɗanye kuma ake miƙar da shi."

Wannan aiki na san labarinsa a karatu. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da yake aikin dashen itatuwa a yankin Maraɗi dashen yana ta mutuwa, ya tsaya a hanya ya dubi irin waɗannan cunkoson ganye da kyau, ya gane ba ƙananan tsirrai ba ne, bishiyoyi ne da aka sare, saiwarsu tana nan da rai. A yankin Damagaram kuwa manoma da yawa da kansu suka koma tsare gawon da ya tsiro musu bayan farin shekarun 1970 da 1980. An ƙiyasta cewa a kudancin Nijar wajen hekta miliyan 5 ta farfaɗo ta haka, da bishiyoyi kusan miliyan 200, ba tare da an dasa su ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne mafarin al'amarin duka kuskuren karanta siffa ne. Shekara da shekaru ana kallon bishiya ana ce mata ƙaramin tsiro, saboda haka ba wanda ya yi tsammanin wani abu daga gare ta. Darasin da nake ɗauka na cin maki ne a jarrabawa, ga shi a nan ya zama maganar itacen girki da abincin dabbobi da amfanin gona.

Na tambayi dattijon sabara fa, ita ma tana zama bishiya? Ya ce tana ɗan tashi in an gyara ta, amma ita halinta ne ta fito da yawa daga gindi, ba ta kai kalgo ba. Ya ce ba ya tumɓuke ta, domin geron da ke kusa da ita ya fi jure ƙishi. Wannan ma an gwada shi a Senegal, an tarar saiwar sabara tana jawo ruwa daga can ƙasa da dare ta sake shi a sama inda saiwar gero take. Na ce masa to me ake kiran irin su sabara da geza gaba ɗaya, waɗanda ba bishiya ba ba ciyawa ba? Ya yi shiru ya ce shi dai kowacce da sunanta yake kiranta. In sun taru sun cushe a ce duhuwa.

Ranar da ta rage mini muka yi arewa a hanyar Tanut har wajen Bakin Birji. Nan ne na ga abin da na yi tsammani tun farko. Gawo ya ja baya, ƙasa ta buɗe, kandili ya fito da kansa shimfiɗaɗɗe kamar lema, ƙananan ganye da farar ƙaya. Aduwa kuwa kowacce an yi mata aski biyu: awaki sun cinye ta daga ƙasa iyakar inda suke kaiwa in sun ɗage ƙafa, raƙuma sun rage ta daga sama, wasu ƙananan har sun dunƙule kamar kwando don yawan ci. Ga anza kore shar a tsakiyar fari, ga aguwa an jera ta shinge da rassanta masu taushi cike da ruwa, ga kalumbo tsaye kamar tsintsiyar da aka kafa, kusan ba ganye. Kalumbon nan ɗan'uwan yaɗiyar gwaggo ne na jini, masana gida ɗaya suka sa su. Ɗaya tana nannaɗe turke a tsakar gida, ɗaya ya zubar da ganye ya tsaya a rairayi. Dangantaka ba ta hana siffa bambanta, kamar yadda kamannin siffa ba ya nuna dangantaka.

Muna zaune a inuwar wani kandili ina cire ƙarangiya daga wando, sai tsarin Christen Raunkiaer ya faɗo mini, wanda na koya a jami'a na kuma ajiye shi a matsayin kayan Turai. Shi mutumin Denmak ne, a farkon ƙarni na 20 ya ce a bar duban tsawo da kauri, a yi tambaya ɗaya: idan lokacin wahala ya zo, ina tsiron yake ɓoye idon tohonsa? Wahalarsu sanyi ne da ƙanƙara, tamu rani ne da gobarar daji da bakin dabba, amma tambayar ta zauna daram a nan. Kandili da aduwa sun bar nasu a sama cikin iska. Wasu ƙanana suna riƙe shi dab da ƙasa, bai wuce santimita 25 ba. Gamba, wadda ake saƙa zana da ita, tana ajiye nata daidai fuskar ƙasa a tsakiyar tushenta mai cunkoso, shi ya sa wuta za ta cinye ta ƙurmus, bayan kwana kaɗan ka ga kore yana leƙowa daga toka. Gadali da aya sun binne nasu a cikin ƙasa, ba ka ganin komai sai ruwan farko ya sauka. Ita kuwa ƙarangiyar da ke jikin wandona ta zaɓi ta mutu gaba ɗaya, ta bar rayuwarta a cikin iri, irin kuma ya maƙale a jikin duk mai wucewa. Ina duba filin nan na ga yawancin abin da ya rufe shi da damina irin ƙarangiya ne, masu shekara ɗaya, kuma haka Raunkiaer ya ce za a tarar a ƙasashe masu ƙarancin ruwa. Taubashina ya ce in rubuta musu "masu barin wasiyya". Na rubuta "masu barin iri", amma nasa ma na ajiye shi a gefe.

A daren ƙarshe na zauna a tsakar gida da fitila na ƙirga abin da na tara, kalma ashirin da huɗu. Guri ɗaya ne ya rage fari, na su sabara da geza. Na karanta wa gwaggo jerin duka, ta gyara mini biyu, sannan na gaya mata inda na maƙale. Ta ce, "Bishiya ƙafarta nawa?" Na ce ɗaya. Ta ce, "Sabara fa?" Na ce da yawa. Ta ce to me nake nema kuma.

Na rubuta "mai ƙafa da yawa", a ƙarƙashinsa na buɗe layi biyu, ɗaya na wadda halinta ne, ɗaya na wadda gatari ya mayar haka. Da asuba ta sa aka ɗaura mini tabarmar kaba da ƙullin goruba guda goma na kai wa yara, taubashina ya kai ni tasha.